5W-30, 10W-40 ko 20W-50: Wane Baƙin Mai Ya Dace da Corolla Ƙirar 2003 zuwa 2008?

Ranar da na kai motata juyen farko, Corolla ƙirar 2006 da aka hawo da ita daga Kwatano, ban gama kashe inji ba yaron gareji ya riga ya tsallaka titi ya dawo da galan ɗin 20W-50. Ba wanda ya tambaye ni, ba kuma wanda ya dubi murfin da ke saman injin, alhali ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a kansa: SAE 5W-30. Da na nuna wa maigidan garejin, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne. Nan Kano ce. Ka zuba wannan tsinkakken, kafin ka kai Zariya ya zama ruwan shayi."

Ban ga laifinsa ba. Mutumin nan a kan Peugeot ya koyi aiki, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Injinan wancan zamani masu kafireta ne, ratar da ke tsakanin ƙarafansu tana da faɗi, mai mai kauri shi ne abincinsu. Ya ga yadda 20W-50 da SAE 40 suka riƙe Peugeot 504 shekara da shekaru a hanyar Maiduguri, kuma wanda ya ga abu da idonsa, da wuya rubutun kan murfi ya sauya masa ra'ayi. Sai dai injin da ke cikin Corollar nan ba ɗan gidansu ba ne, ƙirarsa daban, buƙatarsa daban.

A fara da sanin motar da ake magana a kai, don sunan Corolla yana da faɗi. Wadda ta fi yawa a titunanmu ita ce ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008, mai inji lita 1.8 da ake kira 1ZZ-FE. Sarƙa ce ke jan taimin ɗinsa, ba bel ba, kuma za ka ga an rubuta VVT-i a kan murfinsa, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul. Akwai ƙirar Turai ta kusan waɗannan shekaru mai inji 1.6 ko 1.4, wato 3ZZ-FE da 4ZZ-FE, waɗanda 'yan ɗaki ɗaya ne da shi, kusan duk abin da zan faɗa ya shafe su. Amma Corollar Amurka daga 2009 zuwa sama inji ne daban, 2ZR-FE, wanda kamfanin ya rubuta wa 0W-20 ko 5W-20. Mai irin wannan kada ya ɗauki shawarar da ke nan ya ɗora wa motarsa.

Lambobin nan biyu da ke jikin galan su ne asalin gardamar, kuma mafi yawanmu mun fahimce su a juye. Lamba ta farko mai harafin W tana gaya maka yadda man ke gudana ne yana sanyi. Ana gwada 5W a sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri, 10W a 25, 15W a 20, 20W kuma a 15 ƙasa da sifiri. Lamba ta biyu kuwa kaurin man ne idan ya kai zafin digiri 100. A ma'aunin kauri da ake kira santistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 yana tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Ke nan 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya idan inji ya ɗau zafi, bambancinsu da safe ne kawai. Haka 5W-40 da 10W-40 da 15W-40. Don haka wanda ya ga lamba 5 a gaba ya ce man ya yi tsinke da yawa don ƙasar zafi, lambar da ba ta da alaƙa da zafi ya karanta.

To maganar zafin gari fa? Gaskiya ne a Afrilu da Mayu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Amma cikin inji ba ya bin zafin gari sau da ƙafa. Tamostat ɗin wannan injin yana buɗewa ne a wajen digiri 82, fanka da lagireto su riƙe ruwan a kusa da 90, ko a Jos cikin Janairu, ko a Nguru tsakiyar bazara. Kuma wannan 5W-30 ɗin da ke kan murfi, shi aka rubuta wa mai Corolla a garin Finiks na jihar Arizona, inda zafin bazara ke wuce digiri 43. Ba na cewa zafi ba ya tasiri sam. Idan ka cika mota da mutane da kaya, ka kunna na'urar sanyaya, ka tsaya awa guda a cunkoson Kurna ko na Mararaba, man zai fi zafi a kan na wanda ke tafiya a sake, ya kuma ɗan ƙara tsinkewa. Wannan hujja ce ta hawa mataki ɗaya zuwa lamba 40. Ba hujja ba ce ta tsallake matakai biyu zuwa 50.

Abin da makanikin 504 bai saba da shi ba shi ne, a wannan injin baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, aiki yake yi kamar hannu. VVT-i ɗin nan da matsin baƙin mai yake aiki. Kwamfutar mota ta ba wani ɗan bawul umarni, shi kuma ya tura mai ta wasu siraran hanyoyi, man ya murɗa giyar da ke kan sandar bawul, ya sauya lokacin buɗewarsu gwargwadon gudun inji. Kafin man ya isa wannan bawul sai ya bi ta wata 'yar raga da ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Na taɓa ganin an ciro irinta daga motar wani abokina, ta toshe da baƙar laka kamar an shafa mata kwalta. Motar na karkarwa a sulo, ga fitilar cek inji a kunne, na'ura ta nuna lambar matsala P0012, an riga an sauya filogi har sau biyu ba a dace ba. Da aka wanke ragar da fetur aka hura ta, sai ga haske yana ratsa ta, motar ta dawo hayyacinta. Abin da ke ɗaure sarƙar taimin ma matsin mai ne ke taimaka masa. Duk waɗannan suna son man da zai iso su da wuri, musamman a daƙiƙun farko bayan ka murɗa makulli, lokacin da saman injin yake a bushe. A zafin digiri 40 kawai, 20W-50 ya ninka 5W-30 kauri fiye da sau biyu, da asubahin hunturu kuwa ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Wannan 'yar ƙarar ƙaf-ƙaf-ƙaf da kake ji da safe kafin ta ɗauke, sau da yawa jiran mai ne ƙarafan ke yi.

Sai dai injin nan yana da wata lalura da aka san shi da ita, kuma ita ce ta sa 20W-50 ya samu gindin zama. Na farko-farkonsa, musamman waɗanda aka ƙera kafin wajen 2005, suna da halin shan baƙin mai idan sun manyanta. A jikin kowane fistin akwai ringin ƙasa wanda aikinsa share mai daga bangon silinda, a bayansa kuma akwai ƙananan ramuka da man ke bi ya koma ƙasa. A tsohuwar ƙirar ramukan sun yi kaɗan kuma sun yi ƙanana. Idan mai ya daɗe bai ga juye ba, sai ya dahu a wurin ya zama gawayi, ramukan su toshe, ringin ya manne a raminsa, man da ya kamata ya koma ƙasa sai ya haura ya ƙone tare da fetur. Daga baya kamfanin ya gyara ƙirar fistin ɗin, shi ya sa na 2006 zuwa 2008 suka fi sauƙin wannan matsala. Abin lura a nan shi ne, mai mai kauri ba ya buɗe ramin da ya toshe. Iyakarsa ya rage yawan wanda ke sulalewa, don kauri ya hana shi wucewa da sauri. Mai motar ya ga gejinsa ya daina sauka kamar da, ya ce an samu waraka, alhali ciwon yana nan, rufe shi aka yi.

Da wannan a zuciya, 5W-30 shi ne zaɓin farko ga injin da ke da lafiya, ba na kuma shakkar faɗin haka. Yana isa saman inji da sauri, VVT-i yana aiki yadda aka tsara, mota ta fi sakewa a ƙafa, fetur ma yana ɗan raguwa. Ba ragi ne na a zo a gani ba, amma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ko kaɗan ne ba abin rainawa ba ne. Aibinsa biyu ne. Na farko, yawancin wanda ake samu a kasuwarmu sintetik ne, wato man da aka sarrafa sosai a masana'anta, ko rabin sintetik, don haka ya fi tsada. Na biyu, ba ya rufa wa inji asiri. Idan sil ya bushe ko gasket ɗin murfin sama ya tsufa, za ka ga danshi. Idan ringi ya manne, za ka ga geji yana sauka. Daga nan ne ake cewa "sintetik yana fasa sil". Bai fasa komai ba, laka ce ta toshe ɓarakar tun da, shi kuma ya wanke ta.

20W-50 kuwa, ya kamata a yi masa adalci. Ba guba ba ne. Littattafan Toyota na ƙasashen da ba Amurka ba, na wannan zamani, suna ɗauke da jadawali mai nuna 20W-50 da 15W-40 da 10W-30 a matsayin waɗanda za a iya zubawa idan gari ba ya sanyi sosai, duk da cewa 5W-30 suka fifita. Dubban Corolla suna yawo da shi a Arewa ba su mutu ba. Ga araha, ga shi a kowane lungu, kuma da yake shi manyan kamfanoni suka fi haɗawa a cikin gida, samun na gaskiyarsa ya fi sauƙi. Amma abin da kake biya a ɓoye shi ne jinkirin isar mai kowace safiya, da nauyin inji, da ƙarin fetur. Sannan yawancinsa minaral ne, wato man da aka tace kawai daga ɗanyen mai, wanda ya fi saurin dahuwa a bayan ringi idan aka wuce lokacin juye, ke nan yana iya ƙara wa ainihin ciwon da ake gudu ƙarfi. A ganina muhallinsa ɗaya ne: injin da ya riga ya gaji, yana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, fitilar nan mai kama da buta tana ƙyaftawa a sulo idan ya ɗau zafi, mai motar kuma yana tara kuɗin buɗe inji. A nan sanda ce ta dogarawa, kuma da babu gara ba daɗi.

Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan lamba 40, waɗanda ba a cika yin maganarsu a gareji ba, alhali su ne suka fi dacewa da Corolla da yawa da ke hannunmu yau. Mota ce da ta kai ko ta kusa shekara ashirin, wasu sun haura kilomita dubu 300. Ga wadda ta fara ɗan shan mai amma ba ta hayaƙi, ko wadda ke aikin haya kullum cike da fasinja, 5W-40 na sintetik, irin su Quartz 9000, yana ba ka gudun safiya irin na 5W-30 tare da ƙarin kauri idan inji ya yi zafi. Idan aljihu bai kai nan ba, 10W-40 rabin sintetik ya wadatar, don sanyinmu bai kai inda bambancin 5W da 10W zai dami kowa ba. Da 20W-50 da 10W-40 za su tsaya gabana, motar kuma ba ta kai ga hayaƙi ba, 10W-40 zan ɗauka.

Shi kuwa 15W-40, ka duba bayansa da kyau. Yawancinsa na manyan motoci ne masu gas, za ka ga alamar ingancinsu, CH-4 ko CI-4. Idan akwai SL, alamar man motar fetur, a haɗe, za a iya maneji da shi, amma sinadaransa sun fi yawa a kan abin da matatar hayaƙin salansa ke so, wadda makanikai ke kira indomi, musamman idan injin yana ƙona mai. SAE 40 zalla, wanda ba shi da W, ka bar wa janareta da tsofaffin injina. Haka wannan abu mai kama da zuma da ake zubawa a kan mai wai don ya ƙara ƙarfi, kaurara man kawai yake yi.

Yanzu ta yaya za ka san rukunin da motarka take? Ba da kunne ba, ba kuma da murza mai tsakanin yatsu biyu ba. Gejin mai ne alƙali, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. Bayan an yi juye, ka ajiye motar a wuri mai daidai, ba gangare ba. Ka kashe ta, ka ba ta kamar minti biyar zuwa goma man ya sauka. Ka zaro gejin, ka goge shi tas da farin ƙyalle, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Akwai alama biyu a bakinsa, ta ƙasa da ta sama, tsakaninsu kuwa lita ɗaya ce da ɗoriya. Ka tabbata man yana kan ta sama daidai, ka ɗauki hotonsa da waya, ka rubuta lambar da ke dashbod. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: ƙirar Amurka mil take ƙirgawa, ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda makanike ya rubuta masa "dawo bayan dubu biyar", ya kuma bi lambar dashbod, kilomita dubu takwas ya yi bai sani ba. To ka yi tafiyar kilomita 1,000, wato mil 620 ke nan, ka sake aunawa a wuri ɗaya, a yanayi ɗaya. Zuwa Abuja daga Kano da dawowa ya haura kilomita 800, ka ga tafiya ɗaya ta kusa gama maka gwajin.

Littafin motar ya ce har lita ɗaya a kilomita 1,000 bai wuce iyaka ba, amma wannan iyakar ta kamfani ce, ba ta mai biyan kuɗin mai ba. Ga yadda ni nake yanke hukunci. Idan gejin bai motsa ba, ko ya sauka kaɗan da ƙyar ake gani, ka tsaya a 5W-30, kada kowa ya ɗaga ka. Idan ya sauka kamar kwata zuwa sulusin tazarar alamomin nan biyu, ka hau lamba 40 ka sake gwadawa. Idan kuwa ya cinye rabi ko fiye, ga toka-toka mai maiƙo a bakin salansa, ga filogi baƙi ƙirin, to maganar ta wuce zaɓin mai, ta koma ta ringi. Kafin ka yanke wannan hukunci dai, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana. Injin nan yana da wuraren yoyo da aka sani: gasket ɗin murfin sama, da robar abin ɗaure sarƙar taimin da ke bayan inji ta ɓangaren fasinja, da sil ɗin gaba. Mai da yawa da ake zargin inji da sha, a ƙasa yake ɗiga, kuma gyaransa bai kai kuɗin galan biyu ba. Idan fitilar buta ce ke ƙyaftawa, a sa ma'aunin matsi a auna kafin a ce metal ɗin cikin inji ya ci, don wani lokaci ɗan makunnin fitilar ne ya lalace.

Wani maƙwabcina direban haya ne a hanyar Kano zuwa Kaduna, Corollarsa ƙirar 2003 ce. Kullum da jarkar lita ɗaya a but. Da muka yi wannan awo tare, cikin kwana uku gejin ya sauko daga alamar sama zuwa kusa da ta ƙasa. Ya ce min, "Malam, ni fa ko 20W-50 ɗin ma ba ya riƙe ta yanzu." Wannan ita ce motar da ba wani galan da zai cece ta. Ni kuwa tawa, a wannan tazarar, ko faɗin farce gejin bai sauka ba. Mota iri ɗaya, gari ɗaya, amma zuba musu mai iri ɗaya zalunci ne ga ɗaya daga ciki.

Batun sintetik da minaral, lissafi ne kawai. A Amurka Toyota ta sa wa yawancin waɗannan motoci juye duk mil 5,000 ko wata shida, wato kilomita 8,000. Mu kuwa ƙurar hunturu, da cunkoso, da gajerun tafiye-tafiye daga gida zuwa kasuwa, duk suna cikin abin da kamfanonin mota ke kira aiki mai tsanani. Don haka ni ba na wuce kilomita 4,000 zuwa 5,000 da minaral, sintetik kuma 7,000 zuwa 8,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ka lissafa galan nawa da filta nawa da kuɗin aiki nawa za ka biya a shekara ta kowace hanya, za ka ga ratar ba ta kai yadda farashin galan ɗaya ke nunawa ba. Amma idan motarka na shan mai, lissafin ya juya, don tsadadden mai kake ƙonawa a salansa. Kuma minaral na gaskiya da ake juyewa a kan kari ya fi sintetik ɗin da aka bari shekara guda wai don an ce yana daɗewa.

Akwai wasu haruffa a bayan galan da suka kai lambobin gaba muhimmanci. API ma'auni ne na ingancin sinadaran da ke cikin man, masu wanke inji da hana tsatsa da dahuwa. Na motar fetur yana farawa da S. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, kuma sabon yana maye gurbin tsohon. Corollar nan SL ne mafi ƙarancin abin da take so. Idan ka ga SF ko SG, na zamanin 504 ne, ka ajiye shi ko da kaurinsa ya yi maka daidai.

Duk wannan bayani ba shi da amfani idan abin da ke cikin galan ɗin ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Wannan ce babbar damuwata, ta fi gardamar 30 da 50. Tun da naira ta faɗi a 2023, man waje ya yi tsada, masu jabu suka samu kasuwa, kuma mai tsadar suka fi kwaikwaya don nan ribar take. Wasu tsohon mai suke tacewa, wasu ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, a zuba masa kala a ɗura a tsohon galan. Ka taɓa lura da yaran da ke bin gareji suna sayen galan da babu komai a ciki? Ba duka ne don ɗiban ruwa ba. Shi ya sa idan aka gama min juye nake sa wuƙa in huda nawa. Ka saya da kanka, a gidan man kamfanin ko wurin dilan da aka sani, kada ka aiki yaro. Ka duba zoben murfin bai rabu ba, takardar da ke manne a bakin galan ba a sake liƙa ta ba, rubutun lambar haɗi da kwanan wata bai goge ba, na gida kuma ya zo da tambarin hukumar SON. Idan farashin ya faɗi ƙasa da na gidan mai sosai, araha ba ta ado. Kuma a buɗe shi a gabanka. Kamfanonin da ke haɗa mai a cikin ƙasa, irin su Ammasco a Kano da Lubcon a Ilori, da manyan irin su TotalEnergies da Mobil, man da ya fito daga hannunsu kai tsaye ya fi galan mai ƙyalli da rubutun Jamus wanda ba ka san ta inda ya biyo ba. Da 5W-30 na bakin titi da ba ka yarda da shi ba, gara 20W-50 na gaskiya sau goma. Kada kuma baƙin da mai ya yi ya tsorata ka. Man da ke wanke inji dole ya yi duhu. Wanda ya yi kilomita dubu uku yana nan garau a tsohon inji, shi ne abin tuhuma.

Injin yana cin wajen lita huɗu tare da filta, wasu shekarun ƙasa kaɗan, wasu sama kaɗan. Idan galan mai lita biyar ka saya, kada a juye shi duka. Man da ya wuce alamar sama yana yin kumfa, yana kuma matsa wa sil. A zuba uku da rabi, a tayar, a kashe, a duba geji, a ƙarasa, ragowar ka sa a but don ciko. Filta kuwa a sauya ta duk juye, kuma a nemi ta kirki, don a cikinta akwai 'yar roba da ke hana mai zurarewa idan mota ta kwana. Filtar iska ma, da hunturu, ka riƙa dubawa, don ƙurar da ta wuce ta a cikin man take ƙarewa. Idan an cire maka tamostat kamar yadda aka saba yi wa motocin da suka sauko daga jirgi, a mayar. Injin da ba ya kaiwa zafinsa yana tara fetur da danshi a cikin mai, kuma 20W-50 a irin wannan injin kusan bai taɓa sakewa ba.

Wanda motarsa ta shekara da shekaru a kan 20W-50 yana iya saukowa, amma a bi a hankali. Ka buɗe murfin zuba mai ka haska ciki da tocila. Idan ƙarfen yana da launin zuma ko ruwan ƙasa mai haske, ba damuwa. Idan ka ga baƙar laka a dunƙule, kada ka yarda a zuba kananzir ko gas a tayar wai wanki ne, don dunƙulen da ya ɓalle yana iya toshe ragar famfon mai, inji ya buga. Gara a kwance kwanon ƙasa da murfin sama a wanke da hannu, a wanke 'yar ragar VVT-i ɗin, sannan a zuba 10W-40, a juye shi da wuri, kamar a kilomita 2,000 zuwa 3,000, tare da sabuwar filta. Cikin wannan tazara ka riƙa duba geji duk sati. Idan ya riƙe, a juye na gaba ka gwada 5W-30 ka sake yin awon kilomita dubun nan. Idan ya fara sauka, ka koma lamba 40 ka zauna a nan.

Ranar nan ta farko dai, ni na tsallaka titin da kaina na mayar da galan ɗin, na tafi gidan mai na sayo 5W-30. Maigidan garejin ya zuba yana girgiza kai. Har yau shi ke min aiki, kuma duk zuwan da na yi, kafin ya kwance komai sai ya zaro gejin ya goge a tsummansa ya duba. A bazarar da ta wuce ne na ga ya fara sauka kamar kwata kafin lokacin juye ya yi. Aka sauya gasket ɗin murfin sama da ya fara danshi, na sake awo, saukar ta ragu amma ba ta tsaya ba. A juyen da ya gabata na hau 5W-40, na rubuta lambar dashbod a ɗan littafin da ke aljihun gaban mota, saura mil ɗari biyu in sake dubawa.